Kujerar Baya

Asabar ce, cikin watan Agusta. An wuni ana zafi, gajimare fari a kan duwatsu, irin ranar da 'yan ƙungiyar jiragen da ba su da inji suke so. Tun safe Ragib yake kan injin ja a ƙarshen fili. Aikinsa ke nan shekara ashirin da shida: ya naɗe doguwar wayar ƙarfe, jirgi ya hau sama kamar an cilla shi, matuƙi ya saki waya. A duk wannan yanki na Bosniya ba mai jan da ya kai shi santsi, shi kuwa bai taɓa barin ƙasa ba.

Ranar ce 'yarsa Enisa za ta fara tashi ita kaɗai. Bayan la'asar iska ta juya. Jirgi ba ya tashi sai yana fuskantar iska, dole aka mayar da inji ɗaya gefen, gindin tsohuwar bishiyar da ko makiyaya ba sa zama a inuwarta. Injin ya yi zafi, ruwansa na tafasa.

"Tsoho, kai da injin wa ya fi gajiya?" in ji Mirsad, malamin tuƙi, ta rediyo. "Rana za ta faɗi, yarinya na zaune."

"Rufe mini baki, ɗan gayu."

Ragib ya kwance murfin ƙasan injin, tafasasshen ruwa ya kwarara cikin saiwoyin bishiyar. Bai yi bisimilla ba, bai ce a kauce ba, abin da uwarsa ta koya masa tun yana rarrafe. Ya zuba wa injin ruwa mai sanyi, ya ja jirgin 'yarsa.

Jirgin mai kujera biyu ne. Kafin tashi Mirsad ya fita daga ta baya, ya ɗaure ɗamarun kujerar tamau, kamar yadda ake yi wa kujerar da ba kowa. Da yamma iska ba ta ɗaga jirgi, minti biyar ya isa a sauko. Enisa ta yi rabin awa tana kewaya saman bishiyar. An kira ta a rediyo har an gaji. Da ta sauka, samari suka zo da bokitin ruwan da ake sheƙa wa sabon matuƙi, suka tsaya da shi a hannu.

"Malam, ka ce ni kaɗai zan je," ta ce. "Me ya sa ba ka fita ba?"

Mirsad yana tsaye a ciyawa. Ya leƙa kujerar baya, ɗamarun duk a kwance.

Tun daga ranar, da an kira magariba sai jifa ya fara a kan rufin gidan Ragib. Ba a ganin mai jifan. 'Ya'yan bishiyar nan, ɗanyu, suna faɗowa tsakar ɗaki alhali tagogi a rufe. Daga ɗakin Enisa ana jin feɗuwa siririya, irin ta fiffike in yana yanka iska. Ta daina cin abinci. A rana ta uku uwarta Zumra ta cire mata riga, ta ga bayanta ya yi bororo daga kafaɗa zuwa ƙugu.

"Me ka yi a filin nan?" ta tambayi mijinta.

Ragib ya miƙe. Ya sa hula, ya tafi ɗauko Malam Hamdija, wanda ya yi karatu mai zurfi kuma ya saba da irin wannan aiki.

Malam ya iso rana na gab da faɗuwa. Ya ƙi kofi. Ya zauna kusa da kan yarinyar, ya riƙe babban yatsanta, ya yi ta karatu a hankali har jifan ya tsaya. Shirun ya fi jifan nauyi.

"Wace ce ke?" in ji malam.

Bakin Enisa ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito. "Tambayi mai ruwan zafi."

"Ke nake tambaya."

"Iskar filin nan tamu ce tun ba ku zo ba. Kun cika ta da fararen tsuntsayenku, muka bar muku, muka koma gindin bishiya. Can ma ya bi mu. 'Yata tana barci. Bayanta ya saɓule."

"Bai sani ba."

"Ya sani. Sauri yake yi. 'Ya a bakin 'ya."

"Wannan ba za ki samu ba," in ji malam. "In kin ƙi fita, ina da karatun da ya fi ruwansa zafi."

Ragib ya miƙa hannun dama. "Ga wanda ya zuba. A ɗora tukunya."

Muryar ta yi dariya. "In yi me da hannun tsoho?" Sannan ta ce, "A kawo ruwan sukari gindin bishiya da safe. Yarinya kuma na bar muku ita a ƙasa. Ran da ƙafarta ta sake barin ƙasa, kujerar baya tawa ce, kuma ba za mu sauko ba."

Malam ya dubi Ragib. Ragib ya dubi hoton jirgin da Enisa ta manna a bango tun tana 'yar shekara tara.

"Na yarda."

Taga ta buɗe da kanta. Feɗuwar ta fita, ta yi nisa. Enisa ta yi atishawa sau uku, barci ya ɗauke ta.

Da safe ya tarar da ita a kicin tana cin burodi kamar mai huce yunwar shekara. Ba ta tuna komai ba sai tashin.

"Baba, ka ga yadda na daɗe a sama? Asabar ka ja ni da wuri, kafin Mirsad ya fara surutu."

Ya ce ta ci abincinta. Ya ɗauki butar ruwan sukari da gatari, ya tafi fili. Ya yi bisimilla, ya zuba a saiwoyin, ya juya bai waiwaya ba. Sannan ya warware wayar jan duka a kan ciyawa, ya bi ta yana sara, taku goma goma, har ya kai ƙarshenta.