Tsalle a Bayan Baba

A Gulma, kusa da Argungu, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Yaron kirki ne, sai dai gaggawa. Ko tuwo yake ci, kai ka ce korarsa ake yi.

Babansa, Malam Sirajo, manomin shinkafa ne. Yawan sunkuyo a fadama ya bar masa ciwon baya. Kullum da yamma yakan kwanta rub da ciki a tabarma, yaron ya dafa bango ya tattaka masa bayan a hankali.

Ran nan, ana gab da fara yankan shinkafa, Baba ya dawo dafe da ƙugu.

"Zo ka taka mini wurin nan," in ji shi.

Abokan yaron kuwa suna ƙofar gida da ƙwallo, sai kiransa suke yi. Ya ce a ransa, in takawa tana kawo sauƙi, ai tsalle zai fi sauri. Ya hau bayan Baba, ya yi tsalle, ya dira da dugadugansa biyu.

Baba ya ƙwalla wata irin ƙara da yaron bai taɓa jin ya yi ba.

Inna Laure ta saki muciya ta fito a guje.

"Innalillahi! Kai, mi ka yi mai?"

"Inna, tsalle ɗaya ne kawai..."

"Tsalle? Bisa bayan mutum? Wanga yaro, gada ka ɗauke shi?"

Baba ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Gumi ya keto masa. Tsoro ya kama yaron. In Baba bai miƙe ba, wa zai yanke shinkafar da gidan duka ke ci?

Maƙwabcinsu Tamba ya kawo mota, aka kai Baba asibiti a Birnin Kebbi. Aka ɗauki hoton bayan. Likitar motsa gaɓoɓi, Madam Bolanle, ta duba hoton sosai.

"Kun yi sa'a, ƙashi lafiya lau," in ji ta. "Naman bayan ne ya ɗaure tamau. Wa ya yi wannan aiki?"

Yaron ya fashe da kuka. "Ni ne. So nake ya warke da wuri."

"To, share hawaye. Daga yau ba mai ƙara hawa bayan nan, ko kyanwa. Zo ka ga abin da yake so."

Ta kwantar da Baba rigingine. Ta ce ya ja gwiwa ɗaya zuwa ƙirji sannu sannu, yana lura da inda naman ke riƙewa.

"Kafin ka ji zafi, tsaya. Ja numfashi. Sake shi. Yanzu mayar da ƙafar, kada ka yar da ita."

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Ai ko hawainiya ta hi ni sauri."

"Bar ta ta wuce ka," in ji likita.

A gida, safe da yamma, yaron yakan zauna gefen tabarma. Da Baba ya fara sauri sai ya ce, "A hankali, Baba. Numfashi tukuna."

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau kai ne mai cewa a yi a hankali?"

Aka fara yanka ba tare da Baba ba. Tamba da 'yan'uwa suka kama masa. Amma kafin a kai ƙarshen gonar, wata safiya Baba ya miƙe ba tare da ya dafa bango ba. Ya ɗauki laujensa, ya ce wa yaron, "Taho mu tai. In na sunkuya da garaje, ka tsawata mini."

Yara, jikin mutum ba a yi masa gaggawa. Wurin da ke ciwo lallaɓa shi ake yi. In ba ku san yadda ake yin abu ba, ku tambayi babba kafin ku yi.