Kin Rame, Auta

"Auta, wa ya rubuta wannan?"

Yaya ne tsaye a ƙofar shago, ya miƙo mata waya kamar zai tsokane mata ido. Ta ajiye almakashi a kan fatar da take yankawa, ta karɓa.

Hotonta ne na safiyar nan, riƙe da jakunkuna biyu, da tambayar da ta yi wa mabiya shafin shagonta na intanet: "Ja ko baƙa?" A ƙasa kuma, da sunan shagon nata, an rubuta: "Kin rame. Don Allah ki dinga cin abinci."

Ta sake karantawa...

Ban da ita, mutum ɗaya ne ya san lambar sirrin shafin. Mai hoton da ke ɗaukar mata kaya! Shi ya buɗe mata shi lokacin da ko ƙuda ba ya leƙa shagon, shi ya koya mata: "Ki dinga tambayarsu, mutane na son a ji ta bakinsu. Duk wanda ya tanka kuma ki ba shi amsa, ko ɗigo ya sa."

Kasuwa ta buɗe, zuciya ma ta buɗe. Sai mai shagon turare, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ta kai wa Yaya gulmar wai duk yarinyar da ya ɗauka hoto sai ya ce yana sonta. Yaya kuwa ko bincike babu ya kore shi.

Tun daga ranar, tambayar da take yi kullum safiya ba don jaka ba ce. Amsoshin take bi ɗaya bayan ɗaya tana neman sunansa, in ta rasa sai abinci ya ƙi wucewa. Kewarsa take, kewa mai cin rai. Ta sha ganin an amsa wa masu saye ba ta tuna ta amsa ba, ta ce mantuwa ce. Ashe shi ne! Yau dai zuciya ta riga shi, ya manta cewa da sunan shago yake ciki.

Mutane kuwa sun samu abin yi.

"Shago na lallashin mai shago!"

"A fito mana da shi!"

"Goge shi yanzu," in ji Yaya.

Ta ja hoton ƙasa, sai ta tsaya cak. Ta juya masa wayar. Umma ce, Umman da sai an danna mata waya, ta rubuta: "Ni ma na yi faɗa ta ƙi ji. Ka zo gida, yaro."

"Har da Umma?" Yaya ya sosa ƙeya.

"Yaya," ta ce, hawaye na zubo mata, "ba a barin mai magana babu amsa."

Ya juya baya yana duba jakunkuna kamar mai saye.

Ta ɗauko tata wayar ta rubuta: "Kowa ya zaɓa, sai kai. Ja ko baƙa?"

Ta ƙura wa wayar ido.

Amsar ta shigo, wannan karon da sunansa:

"Mai riƙe da su, rabin raina."