Jan Rodi a Saman Gidan Baba

"Koma baya," in ji Fotini. "Wanda ka wuce yanzu."

"Babu komai a wurin, zuciyata. Kango ne."

"Argiris, na ce ka koma."

Bai koma ba. Sai ma ya kai hannu zai rufe kwamfutar, ta riga shi, ta janyo ta gabanta.

Wata biyu ke nan duk Lahadi da safe suke zama a ɗakin hayarsa da ke birnin Volos suna duba shafin gwanjon gidajen da banki ya ƙwace. Bayan bikin Ista za a ɗaura musu aure, abin da suka tara kuwa, shi daga waldar da ya yi a Jamus, ita daga koyarwa, ba zai sayi gida a kasuwa ba. Tun farko ranta bai so ba. A ƙauyensu hankaka ake kiran mai sayen gidan gwanjo, ko kofi ba a sha da shi. Argiris ne ya yi ta lallashinta, ya ce wanda babu kowa a ciki za su nema.

Hoto ɗaya ne, an ɗauke shi daga titi a karkace. Gida mai hawa ɗaya, da bishiyar ɓaure a ƙofa. A sama ga jan rodi tsaye a kusurwa huɗu, yadda duk mai 'ya mace yake bari don ranar da zai ɗora mata nata benen. Na kowa tsatsa ke cinyewa. Mutum ɗaya ne a duk yankin yake shafa wa nasa jan fenti kowace shekara.

A ƙasan hoton an rubuta: Laraba, ƙarfe goma na safe.

"Gidanmu ne..." Ta ɗago ta dube shi. "Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Mako uku, ya ce. Shi ma a shafin ya gani, ya je ya sami Baba Lambros, mahaifinta. Tsohon ya gaya masa tun jinyar mahaifiyarta a Atina ya jinginar da gidan, ta rasu, zaitun kuma ya yi shekara biyu bai yi albarka ba. Argiris ya roƙe shi ya bari ya shiga gwanjon. Tsohon ya kama hannunsa ya sa shi rantsuwa a kan abu biyu: ba zai saya ba, ba zai kuma faɗa mata ba.

"Mako uku kana kallon idona kana tambayata kalar labule?"

"Rantsuwa na yi, Fotini. Me kike so in yi?"

"Da ni za ka zauna ko da rantsuwar?"

Ta ɗauki makullin motarsa. Ya biyo ta a guje, takalmi ɗaya a hannu. Tafiyar awa guda suka yi zuwa ƙauyen.

A saman gidan suka iske Baba Lambros, da gwangwanin fenti da buroshi. Ya gama uku, yana kan na huɗu. Kwana uku ya rage a sayar da gidan, shi kuwa yana fenti!

Bai juyo ba. "Ashe bakinka bai da marfi, ɗan walda."

"Bai faɗa ba, Baba. Da idona na gani. Duk duniya na iya gani, ni ce ta ƙarshe."

Ya ajiye buroshin a hankali. Ya ce ya riga ya shirya, 'yar'uwarsa Evdokiya za ta ba shi ɗaki a bayan gidanta. Ya ce kuɗinsu na aurensu ne, ba na toshe ramin da ya haƙa ba. Da Argiris ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Shekara saba'in ban ci na kowa ba. Ba zan zama ɗan haya a gidan surukina ba, a riƙa nuna ni a coci. Kai ma ba zan bari a kira ka hankaka a kaina ba."

Fotini ta dafa rodin da ke kusa da ita. Fentin bai bushe ba, ya ɓata mata tafin hannu. Tana 'yar shekara bakwai yake hawo da ita nan, ya zana mata ɗakuna da alli a kan siminti: nan kicin, nan tagar da za ta riƙa hango teku.

"Baba, wannan na wane ne?"

Ya kawar da kai gefe.

"Na tambaye ka. Saman nan na wane ne?"

"Naki ne, 'yata," ya ce, da kyar. "Na so ya zama naki."

"To da izinin wa za ka bar shi ya tafi?"

Ta juya wajen Argiris. Ba ta tambaye shi da baki ba, ya gane. Idonsa ya ciko.

"Ni na rantse, ke ba ki rantse ba," ya ce. "Abin da na tara naki ne. Ko a ƙarƙashin ɓauren nan aka ɗaura auren, ni dai ke nake so."

Baba Lambros ya fara cewa za a zage ta, wani ma zai iya fin ta tayi. Ta ɗauki buroshin daga ƙasa ta danƙa masa, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Su kira ni hankaka, na amsa. Ranar Laraba da sunana zan shiga gwanjon nan, har sai abin hannuna ya ƙare. Ƙasan naka ne, ba na so. Benena na zo karɓa. Ƙarasa fentinka, Baba."