Ƙasar Bayan Ɗakin Surukai

Ban taɓa son Sha'ibu ba, kuma ba don ya lalace yanzu zan fara yi masa kara ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Gonar Mato, unguwar nan da aka yanka daga gonakin gero a kan hanyar Tsarnawa. Abin da zan faɗa, rabi na gani da idona, rabi shi ya amayar mini da bakinsa.

Unguwarmu ta masu sammako ce. Kafin rana ta ɗaga, maza duk sun hau moto, wato babur, sun nufi Birnin Konni, wani buron gwamnati, wani shago, ni kuma lakwal inda nake koyarwa. Daga hantsi zuwa la'asar ba ka ganin namiji ko na rantsuwa, sai mata da awaki. Ba mu da famfo, sai ruwan amalanke. Duk da haka kowa a cikin gari so yake a ce ya koma can. Ni shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗora bulo a kan bulo kafin na tare.

A lokacin Sha'ibu mai gyaran moto ne a bakin tasha. Yana haya a ɗaki ɗaya bayan kasuwa, shi da matarsa Barira da ɗiyarsu ta fari, Mubaraka. Kwata ce ke bi ta ƙofar ɗakin. Wata rana yayan Barira, Tijjani, babban ɗan kasuwa da ke zaune a gidan ubansu a Tsarnawa, ya kawo ziyara. Ko zama bai yi ba. Ya toshe hanci da bakin rawani, ya ce a gaban maƙwabta:

"Barira, cikin wanga rami anka aje ki? Wallahi tumakina sun hi ki makwanci."

Wulaƙanci ne, na yarda. Wani sai ya haɗiye ya ƙara himma. Shi kuwa gogan naka sai ya bari maganar ta ruɓe a cikinsa, har wani direba ya kwatanta masa wani boka a bayan Badagishiri.

Da rana tsaka ya isa. Ya bar moto a bakin kwari, ya taka cikin jajayen duwatsu har wata tsohuwar tsamiya da aka naɗe gindinta da baƙin saƙi. Ga tukwane a kife kewaye da ita, kowace da busasshen jini da gashin kaza manne a bayanta. Ba tsuntsu ko ɗaya a kan itacen, sai ƙudaje. Ya ce mini inuwar wurin sanyi gare ta kamar cikin rijiya. Bokan ɗan ƙaramin tsoho ne mai tsabta, yana zaune a kan buzu yana yankan farce. Bai amsa sallama ba.

"Gida kaka so," in ji tsohon.

"Gida cikin Gonar Mato, da abin riƙon gida. Kuma in ga Tijjani ƙasa."

"Biyu ka roƙa. Mi ka kawo?"

"Ka faɗi kuɗinka."

Tsohon ya yi dariya, ya nuna tukwanen da wuƙa. "Waɗanga ba su cin takarda. Gida da gida aka saye. Wani shi ragu, naka shi cika."

"Ban da matata da ɗiyata. Su ba su ciki."

"Ka ji na ambaci wani? Kai za ka zaɓi gidan. Ka ɗebo min ƙasa daga bayan ɗakin mata, inda ruwan wanka ka kwarara. Wanda ƙasar tas sani, shi za ta kira."

"Ta san Tijjani?"

"Ni ban san Tijjani ba. Ka tambayi ƙasa."

Ku dubi wawa! An ba shi amsa irin wannan, bai tashi ya gudu ba. Ya yi lissafinsa na maza: Barira ta bar gidan ubanta shekara tara, Mubaraka tana tare da shi a Konni, Tijjani ne ke kwana yana tashi a gidan. Ya je Tsarnawa da sunan gaishe da surukarsa. Ya ci tuwonta, ya sha furarta, sannan ya nemi butar zagayawa, ya cika aljihu da ƙasar bayan ɗakinta.

Da ya koma gindin tsamiya, bokan ya juye ƙasar a sakaina, ya yanka baƙar kaza a kai. Ƙasar ta shanye jinin tas, ta koma busasshiya kamar ba a zuba mata komai ba. Ya tofa mata wasu sunaye, ya ƙulle ta a tsumma. Ya ce Sha'ibu ya zaɓi gidan da ransa ke so, ya warware ƙullin ya binne a bakin ƙofa, rana tsaka, kada namiji ya gan shi.

A unguwarmu wannan ba wuya. Gidan da ke jikin nawa wani ma'aikaci ne ya gina shi, aka yi masa canjin wurin aiki, ya kulle ya sa a kasuwa. Ɗaki huɗu ne, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa. Sha'ibu ya zo muna can gari, ya tona, ya binne, ya tafi. Matata ta hango shi ta zaci mai sayen gida ne yake duba harsashi.

A shekarar ya jarraba ajiyar albasa. Ta kowa ta ruɓe a rumbu, tasa ko ɗaya ba ta yi ruwa ba. Masu manyan motoci suka yi layi a kansa. Kafin wata damina ya sayi gidan, an buga masa hatimi a takardu, ya tare da kiɗa. Ya ƙara wa katangarmu tsawo ba tare da ya ce mini kanzil ba, ya juyo da indararonsa cikin tsakar gidana. Da safe ya wuce mu a mota ya watsa mana ƙasa, ko hannu ba ya ɗagawa. Barira dai mutuniyar kirki ce, kullum sai ta aiko wa matata da miya.

Wata biyu da tarewa, ƙanwar Barira, Wasila, ta faɗi tana daka a Tsarnawa. Da aka ɗago ta, bakinta cike yake da ƙasa. Bayan girbi aka tsinci ƙanensu Aminu a kife a gona, shi ma haka. Sha'ibu ya je gaisuwa duka biyu, ya zauna a tabarma yana jan carbi yana satar kallon Tijjani. Da bakinsa ya gaya mini jira yake layi ya zo kansa. Tijjani kuwa ko ciwon kai bai yi ba, sai ma ƙiba da ya ƙara.

Sai Barira ta fara. In hantsi ya yi, maza sun watse, sai ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa tana tonon ƙasa da farce tana kaiwa baki. In matata ta janye ta, sai ta ce, "Ki ƙyale ni, Inna ce ka kirana." An kai ta likita, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Ya sa aka malale bakin ƙofar da siminti, ta kankare shi har yatsunta suka fashe. Ranar wata Talata ta cika a wurin, fuska a ƙasa. Mata ne suka ɗauke ta, don babu namijin da za a kira. Ina cikin aji aka buga mini waya.

Ranar uku, a Tsarnawa, Sha'ibu ya ajiye kunyar surukuta. Ya kutsa har ɗakin tsohuwar, ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah, mi ag ga bayan ɗakin nan naki?"

Tsohuwar ta ce, "Mi za ya kasance? Mabiyiyar ɗiyana. Duk wanda na haihwa nan, can muka rufe tashi. Barira, Wasila, Aminu."

"Tijjani hwa?"

"Tijjani ɗan fari na. Gidanmu na tahi, can Illela anka haihe shi." Ta goge ido. "Ta jikata ma tana nan. Ka mance nan Barira taz zo haihuwar fari? Da hannuna na rufe ta."

Abin da kowace yarinya ta sani ke nan, haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Shi da ya kawo ragon suna gidan da kansa, ƙiyayya ta rufe masa ido bai tuna ba.

Ya dawo unguwa kamar mahaukacin kare. Ya ɗauki diga ya farfasa bakin ƙofa, ya tona har ƙugu. To ina za ka gane wata ƙasa a cikin ƙasa, bayan damina biyu ta bi ta kai? Ya garzaya wurin boka, ya ce a karɓe gidan, a karɓe motar, a bar masa yarinyar.

"Tsame min ƙasata ka kawo, ko ƙwaya guda kar ta rage," in ji tsohon. "Sai mu yi magana."

Ya ɗauki Mubaraka, shekararta goma, ya kai ta garin Tawa wurin gwaggonsa, ya ce a kulle ta. Duk da haka ta sulale, kwana huɗu ana nemanta ba a gan ta ba. Matata ce ta gan ta da azahar, tana shigowa unguwa a ƙafa, tafin sawunta duk jini. Ta kira ta, ta ba ta ruwa, yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Ta sauka cikin ramin da ubanta ya tona, ta kwanta. Kafin mata su ciro ta, rai ya yi halinsa. Na yi wa yarinyar nan kuka, don a ajina take.

Yanzu ba mota, ba albasa. Ya yi tallan gidan har kyauta, ba wanda ya ko leƙa. Yana nan ciki shi kaɗai da rariyar tankaɗe, ya tone ɗakuna huɗun da tsakar gida, yana tankaɗe ƙasa yana ware ta tuli-tuli. In na dawo aiki nakan ji shi ta katanga yana tambayar kowane tuli ko shi ne.

Ni ba na tausayinsa, Allah ya gani. Wanda ya ci tuwon tsohuwa ya fita ya sayar da 'ya'yanta, ai ya san abin da yake yi. Abin da ya ƙona shi kawai, an haɗa da nasa. Kai da ke ɗakin haya kana jin zuciya na tafasa don wani ya tare a sabuwar unguwa, ka ji tsoron Allah ka zauna inda kake har ka gina da guminka. Masu gindin tsamiya za su bar ka ka zaɓi gida, amma ba kai za ka zaɓi gawa ba.