Tafasasshen Ruwa Ta Taga

Magariba ta riske Abdussalamu mai gyaran lantarki a shagonsa na Dogon Dutsi, yana saita ɗan allon da zai riƙa auna zafin firigon allurai, wato firijin ajiye alluran rigakafi, na wani asibitin ƙauye. Ya tsoma tsinken awo cikin ƙanƙara, ya murza har lambar ta tsaya a sifiri, sannan ya tsoma shi a tafasasshen ruwan tukunyar da ke bisa resho ya daidaita ta a ɗari. Da ya gama sai ya sheƙa ruwan ta taga ba ko bisimilla, abin da kakarsa ta sha hana shi, ya sa wa ƙofa sakata.

Yana juyowa ya ga wata doguwar mace tsaye gaban tebur, rungume da jariri. Muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Kai ka zuba ruwan ga?"

"Ke, wa ya ba ki izinin shigowa? Hita min daga shago!"

"Ba ni hita. Ƙarƙashin tagarka muke shan iska kullum, ba mu taɓa cutar ka ba. Tunda awo ka iya, auna min ɗana."

Ta kwantar da jaririn kan tebur, ta ɗora masa tsinken a baya. Yaron bai yi kuka ba, tururi kawai ke tashi daga jikinsa. Lambar ta wuce arba'in, ta wuce saba'in, ta tsaya cak a ɗari.

Abdussalamu ya dubi ƙofa, sakata na nan yadda ya sa ta. A bayansa kuwa ya ji resho ya kama da kansa, tukunyar da ya juye ta soma tafasa.