Mai Garin da Aka Kira Matsoraci

A can wani zamani, mutanen ƙetaren rafi suka datse ruwa, gonakin wani gari suka fara bushewa. Samari suka taru a ƙofar mai gari da kwari da baka.

"Ranka ya daɗe, a buga gangar yaƙi!"

Ya dubi fuskokinsu, duk ya san iyayensu. Ya ce, "Ba za a buga ba."

Samari suka ce matsoraci ne. Har ƙaninsa ya ce matsoraci ne. Abin ya yi masa zafi, amma ya haɗiye.

Washegari ya ajiye takobinsa, ya ce, "Za ni ƙetare neman sulhu. Wa zai raka ni?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ya tafi shi kaɗai.

Da la'asar sai ga shi tare da dattawan ƙetare, suna tafe suna hira.