Layin da Mai Hoto Ya Sa Wa Hannu

Ranar da abin ya fara, Mai Hoto yana tsugune a tsakar gida yana goge madubin sabuwar kyamararsa. Rana ta faɗi, duhu bai gama sauka ba. Matarsa tana kwashe shanya. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Uwata, tana bakin ƙofa tana bitar karatu. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya daidai saman ɗakin baya.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji matar.

Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa daga cikin ɗakin ya bugi ƙofa, alhali makullin yana aljihun Mai Hoto.

Ɗakin nan shekara goma sha ɗaya yana rufe da tarkacen tsohon mai gidan, ba taga, ba fitila. Sai bana Mai Hoto ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin da ya tara shekara shida, ya sayi kyamara da fitilu uku masu lema, irin masu walƙiya. Wani akawu da ke cike wa mutane fom a bakin ofishin haraji ya ja shi gefe ya ce kayan sana'a ne, in ya kai rasit za a cire kuɗinsu daga abin da za a yanka masa haraji a kai. In kuma ya ware ɗaki a gida don aiki, shi ma a rage masa. Sharaɗi ɗaya ne: ya rubuta cewa ɗakin na aiki ne zalla, ba mai kwana a ciki, ya sa hannu. To wane mai iyali ne zai ji haka ya tsaya dogon tunani? Ya sa hannu. Ya kwashe tarkacen, ya shafa farin fenti, ya kafa fitilu, ya zaunar da Uwata a kujera ya gwada walƙiyar a kanta sau arba'in ko fiye, suna ta dariya.

Daga ranar jifan, gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da an yi duhu-duhu sai duwatsu. Ya zare wayoyin fitilun daga bango, amma ta ƙasan ƙofa sai su ga haske ya wulga, ya sake wulgawa. Wani lokacin muryar mace ce tana rarrashin yaro, can ƙasa-ƙasa, yaron kuma ba ya shiru. Duk wanda ya zo aka ɗauke shi hoto a ɗakin, in an wanke, idonsa a rufe.

A rana ta tara, suna zaune su uku sun yi jugum, Uwata ta ɗago kai.

"Baba, wa ya kashe wuta?"

Ƙwan lantarki na ci a saman kanta.

Likita ya haska, ya auna, ya ce ido lafiya ƙalau. Mai Hoto ya daka masa tsawa, ya ce in lafiya ƙalau ne me ya sa take laluben bango? Likitan ya rubuta maganin ɗigawa. Suka dawo gida yana riƙe da hannunta, yana faɗa mata inda kwata take.

Malamin da surukarsa ta kawo dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna a ƙofar ɗakin baya, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, ya jira har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan ya fara karatu. Ya daɗe. Uwata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka faɗa, sai wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ba gudu zan yi ba. Ina zan je da makahon yaro?"

"Wace ce ke?"

"Tambayi wancan. Ai shi ya rubuta cewa babu ni."

Mai Hoto ya juya ga Malam. "Allah gafarta Malam, wallahi ban san da kowa ba."

"Ka tambaya?" muryar ta ce. "Kafin a aza tubalin gidan nan muna nan. Shekara goma sha ɗaya mun taɓa karya maka ko cokali? Ka shigo da rana a cikin lema, ka watsa wa jikana a ido yana barci, kana dariya. Wannan na ce kuskure ne. Amma ka ɗauki alƙalami ka rubuta ba mai kwana a ciki, ka sa hannu, aka buga hatimi. Da ganganci ka share mu."

"Yarinyar ba ta yi miki komai ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah."

"Nawa yaron me ya yi?"

Matar Mai Hoto ta toshe baki da mayafi.

"Faɗi abin da kike so."

"A fitar da fitilun yanzu. A rufe ƙofa. Ya je ya goge layin nan da hannun da ya rubuta shi."

"Fitilu yanzu za a fitar. Ki sake ta."

"Ido ɗaya zan saki. Ɗayan sai takarda ta gyaru. Na ga yadda hannunsa ke saurin sa hannu."

Malam ya yi ta ja da ita, ta ƙi. Mai Hoto ya kwaso fitilun ya jibge a tsakar gida, ɗaya ta fashe bai ko waiwaya ba. Uwata ta yi atishawa sau uku ta kife. Da ta farka ta dubi uwarta da idon dama ta fashe da kuka.

Washegari shi ne na farko a layi a ofishin haraji. Ma'aikaciyar ta duba lambarsa, ba ta ɗago ba.

"An riga an amince, an yi maka rangwame. Me kuma kake so?"

"A soke. Zan biya duka, har da tara. Layi ɗaya zan goge."

"Wane layi?"

"Inda na ce ba mai kwana a ɗakin."

"To wa ke kwana a ciki? Ɗan haya ne? Sai ka kawo sunansa da katin shaida."

Ya matso kusa da tebur, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, idon 'yata ne."

"Asibiti yana gaba, Malam. Fayil ɗinka ya wuce babban ofis. Gyara sai an buɗe shekara mai zuwa."

"Wata nawa ke nan?"

"Goma. Na gaba!"

Ya tsaya a bakin tebur har na bayansa ya taɓa masa kafaɗa. A gida Uwata tana jiransa a bakin ƙofa, ta karkatar da kai don ta gan shi da kyau.

"Baba, an goge?"

Ya zauna kusa da ita, ta ɓangaren da ba ta gani.